Kwana Arba'in a Birnin Zangaru

Da sunan Allah, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya san yawan yashin hamada ba tare da ƙirge ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni Korau ɗan Jatau, mai zaɓen goro, zan ba da labarin abin da idona ya gani da abin da hannuna ya taɓa a birnin Zangaru, inda na shiga da baƙin gashi na fito da furfura, alhali ban cika wata shida a ciki ba.

Tun ina ƙarami zaɓen goro ne sana'ata. A kwance huhu a gabana, in ware shi bisa girma, goriya gefe, marsa gefe, minu gefe, in tsince mai tsutsa, hannuna na aiki bakina na hira. Wata rana wani falke ya ba ni labarin wata ƙasa bayan Filin Gishiri, inda goro ke fitowa shuɗi kamar an tsoma shi a baban rini, ya shekara uku bai bushe ba. Maganar ta zauna mini a rai ta hana ni sakat. Kafin kaka ta zagayo na ɗaura wa jakina kaya na kama hanya.

Na ƙetare kogin Tsagau, wanda ke gudu gabas yau, gobe ya juya yamma. Na ratsa dajin da tsuntsayensa ke da bakin ƙarfe, suna faɗa wa duk abin da ke ƙyalli. Sun tsone wa jakina ido guda. Ni kuwa na shafe fuskata da laka, na runtse ido, na riƙe wutsiyarsa ya ja ni har muka fita. Daga nan muka shiga Filin Gishiri, babu itace, babu tsuntsu, sai fari ta ko'ina. Jakin ya mutu a kwana na bakwai. A na tara salkar ruwana ta bushe ƙaf, harshena ya kumbura, sai na hango ganuwa.

Ƙofar birnin a buɗe take, ba mai gadi. Daga waje ina hangen rijiya da kwamin ruwa cike. Ina kuma hangen mutane a ciki suna ɗaga hannuwa, bakunansu na motsi, amma ko tari ban ji ba. Na ɗauka marhabin suke yi mini. Na ƙara sauri.

Ina sa ƙafa ciki abu biyu suka same ni lokaci guda. Tafin hannuna na dama ya ɗau zafi kamar na dafa garwashi, kunnena kuma ya buɗe na ji abin da mutanen nan ke ta faɗa: koma, koma, kada ka shigo. Na juya da gudu, na bugi wani abu da ba a gani a bakin ƙofar, na faɗi. Da na duba tafina sai na ga lamba baƙa wuluk, da irin rubutun Larabci da malamai ke yi: bakwai, ɗaya, ɗaya, ɗaya, biyar.

Wadda ta ba ni ruwa wata dattijuwa ce mai sayar da ƙorai, sunanta Tabawa. Ta riga ni shiga da kwana shida. Ta ce in dunƙule hannuna, don a garin nan ba a nuna wa kowa tafi. Ta bari na sha na huta, sannan ta gaya mini inda nake. Duk baƙon da ya shigo Zangaru ƙofa na buga masa lamba, lambar da ta ga dama, a take kuma takarda mai wannan lamba ta faɗo daga wani rami a rufin babban soron da ke tsakiyar gari. In mutum ya ɗora tafinsa kan takardarsa, lambar ta goge, ƙofa ta sake shi. In bai samu ba, inuwarsa za ta riƙa raguwa kullum, har kwana arba'in.

Na tambaye ta abin da ke faruwa bayan arba'in. Sai ta ce in biyo ta.

Ta kai ni wani fili bayan kasuwa. Da farko na zaci wurin magina tukwane ne. Mutane ne a tsaye, dubbai, na yumɓu, wasu da rawani, wasu da goyo, wani ya ɗaga ƙafa zai yi taku. Muna nan ladan ya kira la'asar. Wani mutum da ke zaune a gindin katanga ya miƙe ya dubi ƙasa. Rana na dukansa daga yamma, amma babu komai a bayansa. Ya buɗe baki zai yi salati, sai na ji ƙara irin ta tukunyar da ta tsage a wuta. Launin ƙasa ya taso daga ƙafarsa ya haye har ka. 'Yan garin, waɗanda aka haifa a nan ba su da lamba, suka zo su huɗu suka ɗauke shi suka jera shi cikin sauran. Ko ɗayansu bai dube mu ba.

Kwana biyar na yi ban san abin da nake ciki ba. Kowace la'asar in tsaya in auna inuwata da ƙafa, in ga ta ragu. Mu baƙi masu rai mun kai ɗari, kowa na tafiya kansa a ƙasa. A rana ta shida na je soron takardu na leƙa ta taga.

Tsibin takardu ya kusa taɓa rufi. Daga baya na ji sun kusa dubu ɗari, na masu rai da na waɗanda suka zama yumɓu, duk a cakuɗe. A gefe wani tsoho ne siriri yake tafiya a duƙe, yana bin wani dogon layi na takardu da ya shimfiɗa a ƙasa, layin ya zagaye soron sau da yawa. Shi ne Malam Barmo, ma'ajin soron, ɗan garin ne. Na tsaya ina kallon yadda yake aiki. Yakan dubi takardu biyu da ke maƙwabtaka, in ta farko ta fi ta biyu girman lamba ya musanya su, ya matsa gaba ya yi haka da na gaba. In ya kai ƙarshen layin ya dawo farko. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka, ko kashi ɗaya cikin goma na tsibin bai taɓa ba. A wata yakan ci karo da takardar mai rai ɗaya ko biyu, bisa sa'a.

Na yi sallama na roƙe shi ya bar ni in taya shi. Ya ƙi. Ya ce takardun nan ba sa son tafin da ba nasu ba. In mai lamba ya taɓa ta wani da hannun dama, takardar ta kama wuta, mai ita ya sandare nan take duk inda yake, ko da yau ya shigo. A zamanin mahaifinsa baƙi sun taɓa ɓalle ƙofar soron suka faɗa kan tsibin, kafin hantsi mutum tamanin suka zama yumɓu. Tun ranar ba baƙon da ya sake taka wurin.

Na koma na kwana da abin a raina. Abin da ya tsaya mini shi ne, ban taɓa ganin mai zaɓen goro ya gwada ƙwaya da ƙwaya ba. Kallo ɗaya ake yi mata a jefa ta inda ta dace. Na tara tsingaro ɗari uku daga bola, na rubuta musu lambobi da gawayi, Tabawa ta ara mini ƙorai goma, muka je ƙofar soron. Na zube tsingaron a gaban Malam Barmo. Duk wanda lambarsa ta fara da ɗaya na jefa shi ƙwarya ta farko, mai biyu ta biyu, haka har na gama, kafin ya ƙare taunar goron da ke bakinsa. Na ce ya faɗi lambar da yake so. Ya faɗa. Na bar ƙorai tara ban ko kalle su ba, na zaro masa daga ɗayar da ta rage.

Ya daɗe yana kallon ƙoran.

"Shekara talatin da ɗaya," in ji shi. "Ka san mutum nawa aka wuce da su ta gaban tagar nan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, waɗanda suka rage nake roƙa wa."

Ya yarda, da sharaɗi. Mutum goma kaɗai za su shiga, masu iya karanta lamba. Kowa za a sa hannunsa na dama cikin jakar fata a ɗaure masa shi ta baya, ya yi aiki da hagu. Ni da Tabawa muna ciki. Da kwanduna muka fara, manya, irin na auduga. Kwana huɗu muka yi muna ɗauka muna jefawa har tsibin ya rabu. Sannan muka ɗauki kowane kwando muka sake raba shi goma bisa lamba ta biyu, don a samu tuli ɗari, kowane da takarda wajen dubu.

Ana cikin wannan rabo na biyu masifa ta faɗo. Akwai wani maharbi cikinmu, Gagare, wanda kwana uku suka rage masa. Mutum ne mai haƙuri, bai taɓa ɗaga murya ba. Yana gefena na ji numfashinsa ya canza. Ya ga takarda ya ɗauka tasa ce. Kafin in yi magana ya fizge igiyar da ƙarfin tsiya, ya zare jakar, ya danna tafinsa a kai. Wuta ta tashi shuɗiya. Lamba ɗaya ce ta bambanta su, ta ƙarshe. Daga waje, wajen rijiya, muka ji wannan ƙarar ta tsagewar tukunya, sannan kururuwar mata. Wata matar aure ce da ta shigo shekaranjiya, tana cikin jan guga.

Gagare ya fita. Ya je filin yumɓu ya zauna, bai ci ba bai sha ba har lokacinsa ya yi. Malam Barmo ya kore mu ya kulle soron. Kwana uku muna zaune a ƙofarsa, kowace la'asar ana wucewa da mutum biyu ko uku. A rana ta uku Tabawa ta matsa jikin ƙofar ta yi magana a hankali, ta ce masa wadda ta mutu a rijiya guda ce, waɗanda suka mutu tun da ya kulle su takwas ne, ta kira masa sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tana kan na shida muka ji motsin sakata.

Muka gama tuli ɗari. Na ɗauka aiki ya ƙare, don a sana'ata da an ware shi ke nan, ba a jera goro. Mai nema zai faɗa wa Malam lambarsa, mu je tulinsa mu bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Mun saki mutum goma sha tara haka, garin ya cika da murna. Amma ido na gajiya. Lambobi biyar-biyar, duk masu kama da juna, tun safe har yamma, sai su riƙa rawa a gaban mutum. Wani majemi mun bi tulinsa sau uku ba mu ga tasa ba. Washegarin da ya sandare na ci karo da ita a tulin, inda hannuna ya wuce ta sau uku. Na fita bayan soron na yi amai.

Tabawa ta same ni a can. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ajiye jerin ƙorai biyu a gabana, kowane an saka ƙarami cikin babba, ta tambaye ni yadda zan mai da su jeri ɗaya. Na ce zan baje su duka in yi ta gwadawa. Ta girgiza kai. Ta dubi na saman wannan jeri da na saman wancan, ta ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta ta kife a ƙasa. Ta sake duban na sama biyun, ta ɗauki ƙaramin ta kife kan na farko. Ba ta taɓa duban fiye da biyu ba, kafin in ankara jeri ɗaya ne a gabana, daga koko har masaki.

Haka muka yi da takardun. A raba tuli zuwa takwas-takwas, wanda kowa zai iya jerawa da kallo. A haɗa takwas biyu su zama sha shida a jere, sha shida biyu su zama talatin da biyu, har tulin ya koma ɗaya. In an jere, nema ba wuya. Malam Barmo zai buɗe tsakiya, in lambar da ake nema ta fi ta wurin ya bar rabin farko, ya sake buɗe tsakiyar sauran. Bai taɓa wuce buɗewa goma ba. Ran farko da ya yi haka ya zauna a ƙasa yana dariya hawaye na bin gemunsa.

Sai dai mu tara muka rage, da hannu ɗaya ɗaya, ba ma iya jera fiye da tuli huɗu ko biyar a yini. Tabawa ta jera masu rai bisa gajartar inuwa, wanda ya fi kusa da arba'in tulinsa za a fara. Na ce a sa nata gaba, tunda ita ce ta kawo dabarar. Ta ce in ta tsallake layi, gobe mai ƙarfi zai tsallake, jibi a ɓalle ƙofa. Duk da haka ba kowa muka cim ma ba. Wasu la'asar ta riga mu da tuli guda.

A kwanana na talatin da biyu aka jera tulin masu farawa da bakwai da ɗaya, saboda wani makiyayi da ke gabana a layi. Nawa tulin ke nan. Bayan an sallame shi na roƙi Malam ya duba mini. Ya buɗe tsakiya, ya buɗe, ya buɗe, har ya iso wurin. Ga mai ƙarewa da sha huɗu, ga mai ƙarewa da sha shida, manne da juna. Babu komai a tsakaninsu.

Lokacin da takardun ke tsibi guda, ko ba komai mutum na iya cewa tasa na ciki. Yanzu kuwa ga gurbinta a gabana, fayau. Malam ya ce wataƙila ta faɗa wani tuli bisa kuskure. Muka dubi tuli sittin da ba a jera ba. Kwana takwas suka rage mini. Inuwata a lokacin ba ta fi tsawon takalmina ba. Na roƙi Malam kada ya gaya wa Tabawa, na koma bakin aiki.

Bayan kwana biyu ranar arba'in ta Tabawa ta zo. Tun asuba muka taru mu huɗu kan tulinta, masu farawa da biyar da ɗaya. Ita ma tana ciki, tana haɗa jeri kamar ba ranarta ba. Aka yi azahar muna haɗin ƙarshe. Malam ya fara buɗawa, yana maimaita lambar da ta faɗa masa: biyar, ɗaya, ɗaya, ɗaya, takwas. Da ya iso wurin sai hannunsa ya tsaya. Takardu biyu ne, lamba iri ɗaya.

Ya ce tun kakansa ba a taɓa jin ƙofa ta maimaita lamba ba. Ɗaya tata ce, ɗayar ta wani ce, ba mu san wane ne ba, ba mu san ko yana da rai ba. Ya ajiye su a kan tabarma kusa da ƙofa, inda haske ke shigowa. Tabawa ta sa aka kwance mana jakunkunan, ta ce ba ta so ta tsaya a filin yumɓu da hannu a ɗaure. Ta zauna ta dube su, ta naɗe hannuwanta a cinya.

Na ce ta zaɓi ɗaya, ko babu komai rabin sa'a tata ce. Ta ce ta ga fuskar Gagare, ba za ta je gaban Allah da irinta ba. Inuwar katanga ta fara miƙewa cikin soron. Tata kuwa ɗan baƙin zare ne kawai a gefen ƙafarta. Na durƙusa a gabanta, na manta da al'adar garin, na buɗe hannuwana biyu ina roƙonta.

"Inna, don Allah. Ladan ya tafi alwala."

Ba fuskata take kallo ba. Ta kama wuyan hannuna na dama ta jawo shi.

"Korau, me lambata take yi a hannunka?"

Na ce tawa ce, bakwai ce a farkonta. Ta ce daga inda take zaune biyar ce. Na leƙa ta wajenta, na ga gaskiyarta. A wannan rubutu bakwai bakinta na kallon sama, takwas bakinta na kallon ƙasa, in an juya ɗaya ta zama ɗayar. Biyar zagaye ce, ɗaya kuwa sanda ce tsaye. Lambata in an kife ta, tata ce. Wani cikinmu, wataƙila ni da kaina, ya ɗauki takardata a juye ya jefa ta kwandon biyar.

Ga takardata a gabana, amma tsoro ya ninku. In ta taɓa tawa, na sandare. In na taɓa tata, ta sandare. Takardun ba su da kai ba su da gindi, farare ne fes in ban da lambar.

Malam Barmo ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa su. Ya ce ko wane ne ke rubuta su, da alƙalami yake yi, alƙalami kuwa yana sauka da tawada mai yawa ya tashi da kaɗan. Sandar ɗaya za ta yi kauri a inda aka fara ta sirance a inda aka ƙare. Amma idonsa ya mutu, ba ya ganin bambancin. Ya ce ni da na saba gano hudar tsutsa a jikin goro, in duba.

Na kwanta rub da ciki. Gumi na ɗiga daga goshina, ina kare shi da hagu kada ya taɓa takarda. Da farko sanduna shida ne iri ɗaya. Na rufe ido na buɗe. A ta hagu, kawunan sandunan sun ɗan fi kauri daga sama, kaurin da bai kai gashin gira ba. A ta dama kaurin na ƙasa. Na ce ta dama ce a juye, ita ce tawa. Malam ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce a sanda biyu na tabbata, ta ukun ban sani ba.

Daga masallaci muka ji ladan na gyaran murya.

Tabawa ta ce, "Kai za ka fara."

Na ce ba zan iya ba.

"Saurara, ɗana. In ni na fara muka yi kuskure, na kashe mai sauran kwana shida. In kai ka fara muka yi kuskure, abin da ka rage mini bai kai a sha ruwa ba, ɗayar kuma ta zama taka. Na yafe maka tun yanzu. Sa hannunka."

Na juya takardar da hagu, bakwai ta koma farko. Na ɗaga hannun dama, ya yi mini nauyi kamar dutsen niƙa. Ban dubi takardar ba, ƙafafun Tabawa na zuba wa ido, inda launin ƙasa ke fara tasowa. Ladan ya ce Allahu akbar. Na danna.

Sanyi na ji, kamar na tsoma hannu a randa. Babu wuta. Ban san lokacin da na fizgo hannunta na kifa shi kan ɗayar ba. Muka zauna a haka, ladan na ci gaba da kira, ba mai motsi cikinmu, har ya kai ƙarshe. Sannan na ga wani baƙin abu ya kwanta a tabarma daga ƙafarta ya miƙe har bango, da ɗankwalinsa da komai. Ta ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga. Ta ce a ba ta buta, lokacin salla na wucewa.

Ƙofa ta sake mu, amma ba mu tafi ba. Yanzu da tafinmu ya goge muna aiki da hannu biyu, waɗanda muka saki da yawa suka dawo taya mu. Cikin kwana goma aka jera tuli ɗari cif. Malam Barmo ya kafa doka, duk takardar da za a karanta sai an duba kaurin sandarta tukuna. Ya shimfiɗa mayafi ƙarƙashin ramin rufin, sabuwar takarda na faɗowa a kai wa mai ita kafin ya gama shan ruwa. Muka kuma dasa allo a wajen ganuwa, muka rubuta gargaɗi.

Saura takardun da masu su ke tsaye a fili. Tabawa ce ta ce a gwada. A ranar ta gaya mini abin da ya kawo ta Zangaru. Ba ciniki ba ne. Mijinta, Nomau, ya bi hanyar nan bara bai koma ba, ta biyo sawunsa. Ta gan shi tun ranar da ta shigo, a layi na uku daga katanga, kuma kullum da safe takan je ta share masa ƙura.

Tafinsa a buɗe yake, lambar na nan a jikin yumɓun. Malam ya zaro takardar, Tabawa ta ɗora masa da hannunta. Na riƙe numfashi, ina fatan in ga ƙirjinsa ya motsa. Lambar ta goge. Sai yumɓun ya saki a hankali, ba ƙara, ya zube ya zama ƙasa mai laushi a gaban ƙafafunta. Ta durƙusa ta tattara ta cikin mayafinta, ba ta bar ko ƙwaya ba. Muka yi masa salla, muka haƙa kabari muka rufe.

Wata huɗu muka yi muna bin sauran, layi bayan layi, har filin ya zama maƙabarta. 'Yan garin da ba sa duban baƙo suka fara fitowa da fartanya, ba wanda ya kira su. Shuɗin goro kuwa ban ƙara tambayar hanyarsa ba.

Ranar da zan tafi na je yi wa Tabawa sallama, na ce ta zo mu ƙetare gishirin tare, ga waɗanda muka saki sun haɗa ayari sun samu raƙuma. Tana zaune a gefen kabarin, ta sa farin zane. Ta ce in yi gaba, ita sai ayari na biyu, don duk watannin nan aiki bai bar ta ta zauna ba.

"Matar da mijinta ke tsaye ba ta takaba," in ji ta. "Yanzu ya kwanta. Bari in yi masa tawa."

Na yi mata addu'a, ta shafa, na fita.

Iyakar abin da na gani ke nan, ban ƙara ba, abin da na rage kuwa mantuwa ce. Allah ya jiƙan waɗanda la'asar ta riga mu kansu, ya sa mu cika da imani.